Tuwon da Ya Kai Ni Yamai

Rannan jikata Nana ta zo mini da takarda daga makarantarsu. Wai an ce su nemi tsohuwar da ta yi aikin ordinatar, abin da ku 'yan yanzu kuke ce wa kwamfuta, su tambaye ta me ya sa mata ba su da yawa a wannan sana'a. Ta gyara zama da alƙalamin bik a hannu, tana jiran in ce mata 'yan mata tsoron lissafi suke yi, ko kuma iyaye ne suke hanawa. Na ba ta amsar da za ta samu maki da ita, ta yi godiya ta tafi. Bayan fitarta na kasa sukuni, domin na san abin da na faɗa mata bai kai rabin gaskiya ba. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa uwarku ce mai kai a gidanmu, ita ce ta fito daga Magariya ta je ta zauna cikin maza tana ba inji umarni. Na daɗe ina jin daɗin wannan magana ban gyara ta ba. Yau zan gyara.

Gidanmu yana bakin gari ne, ta hanyar da ke fita zuwa Kwaya. Baba manomi ne mai 'yan shanu, gero da gyaɗa a gona, garke a bayan gida. Shekarar da aka zo rubuta yaran lakwal, wato makarantar boko, mai unguwa ya ce gida mai yara da yawa sai ya ba da biyu. Baba ya dubi yayyenmu maza, ya dubi shanunsa, ya ga in an ɗauke mazan ba mai kai su kiwo. Sai ya kamo hannuna da na yayata Tsahara ya ce ga su nan. Har ya koma ga Allah yana ganin ba wanda ya kai shi wayo a unguwar nan. Shekara ɗaya Tsahara ta ba ni, amma da yake rana ɗaya aka rubuta mu, benci ɗaya muka zauna tun daga ajin farko har muka gama kwaleji.

Tsahara doguwa ce, marar hayaniya, kullum hankalinta yana wani wuri. In an sa ta daka, sai ka ga ta tsaya da taɓarya a sama, idonta a kan zanen da kaji suka yi a ƙasa, leɓenta yana motsi. Inna takan leƙo daga madafa ta ce:

"Malama, in kin gama gaisawa da aljanunki ki taimaka ki sauke taɓaryar nan, mutane na jin yunwa."

Ni kuwa hannuna yana da sauri, kaina ne ke tafiyar hawainiya. Tun muna ƙanana sai muka ƙulla ciniki tsakaninmu, ba wanda ya sani. In ranar dakanta ce ni nake yi, in ranar tuƙinta ce ina tsaye kusa da tukunya, da Inna ta juya baya sai in karɓi muciya. Ita kuma da la'asar ta zaunar da ni a gindin rumbu, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke ta warware mini duk abin da mushe, wato malaminmu, ya yi a allon aji ban gane ba. Ba ta taɓa rubuta mini amsa in kwafa ba. Sai ta yi ta juya tambayar, ta mai da ita ta shanu, ta mai da ita ta ƙwaryar nono, har in gane da kaina. Duk lissafin da na ci abinci da shi shekara talatin, a gindin rumbun nan na koye shi.

A shekararmu ta ƙarshe a kwaleji, gab da birebe, jarrabawar fita, Mushe Isufu mai koya mana lissafi ya shigo aji da baƙo daga Yamai. Baƙon ya ce gwamnati ta sayo wani inji mai lissafi, girmansa ya cika ɗaki, ɗakin kuma sanyi ne da shi dare da rana, ba a shiga sai an cire takalmi. Ya ce injin ba ya jin magana, sai an huda masa kati ya karanta hujin, kuma ana neman yara masu kai da za a koya wa wannan aiki. Ya fito da kati ɗaya ya ce a zagaya da shi. Kowa ya taɓa ya miƙa gaba, wasu suna dariya wai gara ce ta ci takardar. Da ya iso hannun Tsahara sai ya tsaya. Ta ɗaga shi wajen hasken taga, tana duban 'yan haruffan da aka buga a samansa, tana duban hujin da ke ƙarƙashin kowane harafi. Can ta ɗaga hannu ta tambaya da Faransanci ko gaskiya ne lamba huji ɗaya take ci, harafi kuma biyu. Baƙon ya dube ta, ya dubi Mushe Isufu, ya ce wa ya gaya mata. Mushe ya yi murmushi ya ce ba kowa, haka take.

A hanyar gida ranar nan ba ta bar ni na huta ba. Ni ban taɓa jin Tsahara ta yi magana mai tsawo haka ba.

"Habsu, kin gane kuwa? Injin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Duk abin da ya sani, akwai huji ko babu huji. Sauran duka mutum ne ke shirya masa. Wallahi ina son in ga wanda ke shirya masa."

Aka yi mana kwankur, wato jarrabawar zaɓe. Ba irin lissafin aji ba ne, zane-zane ne da jerin lambobi, a ce ka faɗi abin da zai biyo baya. Sakamako ya zo cikin damina. Mu huɗu muka ci daga kwalejinmu: Tsahara a sama, maza biyu a tsakiya, ni a ƙarshe ina riƙe da wutsiya. A ƙasan takardar an rubuta layi ɗaya wanda ba mu kula da shi ba sai daga baya, cewa wurin koyon ba shi da antarna, wato ba a ba ɗalibai wurin kwana, kowa ya nemi masaukinsa.

Mazan nan biyu, kafin la'asar an gama maganarsu. Wani mai goro a kasuwa ya ce akwai zauren Damagarawa a Yamai inda direbobi da fatake ke sauka, su je da tabarma da buta, su ce shi ya aiko su. Shi ke nan. Namiji ko'ina ya shimfiɗa tabarma ya samu gida. Ɗiya mace kuwa sai an samo mata cikin gida, sai an samo matar da za ta ce na karɓi amana. Ina so ku riƙe wannan da kyau: Baba bai taɓa cewa kada mu tafi ba. Da aka karanta masa takardar har saniya ya nuna ya ce in ta kama a sayar a yi mana guzuri. Abin da ya ce kawai shi ne:

"Ɗiyata ba ta kwana a zaure. Ku samo mini inda za su sa haƙarƙarinsu, gobe ma su tafi."

Mutum ɗaya muke da shi a Yamai, ƙanwar Baba, Gwaggo Indo, wadda mijinta ke gadi a wani biro, wato ofis. Baba ya ba wani direban kamyo, babbar motar kaya, saƙo. Muka yi ta jira har gero ya nuna, amsa ba ta zo ba. Sai ga Gwaggo da kanta ta sauka, wai ta zo ganin gida.

Ina tuna kakar nan kamar jiya. An cire gyaɗa an baza a tsakar gida, ƙanshin ɗanyar ƙasa ya cika ko'ina. Maƙwabta suna suyar ƙuli, yara suna gasa sabon gero a murhu suna murzawa a tafin hannu, shanu sun ƙoshi, nono har ya yi yawa Inna tana aika wa mutane. Gwaggo ta zo da turaren birni da zane mai sheƙi, tana jefa kalmomin Zabarmanci cikin magana, muna bin ta da ido. Tun daga wannan shekara ban ƙara ganin gidanmu cike haka ba, kuma har yau in na ji ƙanshin sabuwar gyaɗa sai kakar nan ta faɗo mini a rai.

Washegarin zuwanta da rana tsaka Inna ta aike ni in shanya kuɓewa a bayan rumbu. Baba da Gwaggo suna zaune a inuwa ta ɗaya gefen, ba su gan ni ba. Na ji Gwaggo tana cewa:

"Yaya, ɗaki biyu gare ni, yara biyar, ga bayan nan nawa da ba ya bari in sunkuya. Biyu ba zan iya ba, ko na so. Ɗaya zan ɗauka. Kuma gaskiya ba malama nake nema ba, wadda za ta kama mini aiki nake so."

Baba ya ce, "To ai babbar ce ta zo ta ɗaya, in ji mushensu."

"Mushe ba shi zai tuƙa mini tuwo ba. Ka bar ni in kwana uku in duba hannunsu. Kada ka faɗa musu, in sun sani kowace za ta yi na ganin ido."

Na tsaya da kuɓewa a hannu har suka tashi. Daga inda nake ina hango Tsahara a gindin bishiyar bedi, ta sunkuya a kan wani tsohon kaye, littafin rubutunta. Taku ashirin ne tsakaninmu. Da na je na ce mata, "Yaya, ga abin da na ji," da mun san dabarar da za mu yi, mu da muka shekara goma muna rufe wa Inna ido. Ban je ba. Na ce wa kaina ai Gwaggo ta ce kada a faɗa, ai ba kyau a kwashe maganar manya. Ƙarya nake yi wa kaina. Ina son in ga Yamai, ina son ɗakin nan mai sanyi, kuma karo na farko a rayuwata an zo jarrabawar da na san na fi Tsahara.

Kwana ukun nan na yi aiki kamar za a ba ni sarauta. Kafin Gwaggo ta nemi ruwan alwala na ajiye mata. Na daka, na tankaɗe, na dama mata fura da sabon gero da kindirmo, ta sha ta ce rabonta da irin wannan tun tana budurwa. Rana ta uku tuƙin Tsahara ne. Ta ɗora tukunya, ta yi talge, ta ɗaga ido tana nemana kamar yadda ta saba. Ni kuwa na ɗauki tulu na ce ruwa ya ƙare, alhali randa cike take. Na tafi rijiya, na tsaya hira da 'yan mata, ban dawo ba sai da na tabbata an kwashe. Tuwon ya yi gudaji, ƙasansa ya kama. Gwaggo ta gutsura, ta murza a yatsa, ta ajiye. Sai ta nemi a kawo mata sauran furar jiya.

Da safe Baba ya kira mu gaban Inna ya ce Gwaggo za ta tafi da Habsu. Tsahara ta ce Allah ya sa alheri, ta tashi ta shiga ɗaki. Da labari ya kai wa Mushe Isufu, a kan kekensa ya zo har ƙofar gida, ko sallama bai gama ba ya fara:

"Malam, wannan kuskure ne! Shekara goma sha ina koyarwa, ban ga kai irin na yarinyar nan ba. Habsu tana da ƙoƙari, amma Tsahara daban ce."

Ina bayan zana ina ji, kuma ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce a hankali:

"Mushe, na ji. Kai kana da ɗaki a Yamai?"

Mushe ya kama kekensa, ya juya ya tafi yana turawa.

Tsahara ce ta ɗaukar mini akwati zuwa tasha. Ita kuma daga baya aka tura ta makarantar horon malamai a Damagaram, domin can akwai antarna ta 'yan mata, da gado, da matar da ke kulle ƙofa. Mu 'yan ƙauye na wancan zamani, inda aka ajiye gado can muke zuwa. Shi ya sa muka cika lakwal da asibiti. Da na isa Yamai na tarar ɗakin huda kati mata ne zalla, amma duk 'yan birni ne masu kwana gidan ubansu, ni kaɗai ce daga daji. A bene na sama kuma, inda ake rubuta wa injin umarni, maza ne zalla, kuma rabinsu 'yan ƙauye ne irina da suka fara daga zaure. Kada ku zagi Gwaggo. Ta riƙe ni shekara huɗu, ta ba ni gefen tabarmar 'ya'yanta, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ina daka mata da safe, in je in yi ta huda kati har la'asar.

A shekara ta uku aka ce za a gwada mutum biyu daga cikinmu a bene na sama, na samu shiga. Aikin gwaji da aka ba ni shi ne katunan shanun da aka yi wa allura, ƙauye bayan ƙauye, in shirya wa injin yadda zai fitar da jimillar kowane ƙauye. Na rubuta, aka sa a inji, komai ya fito daidai sai ƙauyen ƙarshe, shi kam ko sunansa babu. Na yi mako guda ina dubawa ban ga inda na kauce ba, mazan suna wucewa suna murmushi. Hutun sallah ya zo, na naɗe doguwar takardar da umarnin yake a kai na sa a jaka. Na je gida, daga Magariya na hau mota zuwa Dungas, inda aka tura Tsahara koyarwa.

Na same ta a filin lakwal bayan an tashi yara, alli har gwiwar hannu. Ta yi ƙiba kaɗan, muryarta ta buɗe, kowa yana ce mata Madam. Muka zauna a inuwa, ta sa aka kawo mana dafaffiyar gyaɗa. Bayan mun gama labarin gida na warware takardar a kan cinyarta. Ba ta taɓa ganin yaren injin ba, sai na fassara mata layi-layi: karanta kati, ƙara shanun a kan na baya, in sunan ƙauye ya sake ka buga jimilla ka fara sabo, koma ka karanta wani katin. Ta sa na maimaita sau biyu. Sai na ga ta share ƙasa da tafin hannu, ta jera ɓawon gyaɗa kashi uku, tana bi da yatsa, leɓenta yana motsi. Ko gyaɗar da ke hannuna ban gama ɓarewa ba ta ce:

"Habsu, kin ce masa ya buga jimilla in ya ga sabon ƙauye. To na ƙarshen, wa zai zo bayansa? Yana nan riƙe da lissafinsa yana jira, katin ya ƙare. Ki ce masa in kati ya ƙare ya buga abin da ke hannunsa."

Layi ɗaya ne. Da wannan layi na zauna a bene na sama, daga nan aka tura ni ƙarin karatu, daga nan duk abin da kuka sani ya biyo. Amma a ranar ban yi murna ba. Na dubi fuskarta, na ga tana haske irin na ranar da ta ɗaga kati wajen taga, sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa mata duka: bayan rumbu, maganar Gwaggo, tulun da na ɗauka randa tana cike. Na ce ta yafe mini, da na gaya mata da ita ce a can.

Ta daɗe tana tattara ɓawon gyaɗar wuri ɗaya. A zuciyata ina fata ta ce ta sani kuma da gangan ta ɓata tuwon don ta bar mini, in samu abin da zan riƙe. Ba haka ta ce ba.

"Na sani, Habsu. Tun da Gwaggo ta sauka na ga ba fuskarmu take kallo ba, hannunmu take kallo. Ranar nan ba abin da ban yi ba. Na tuna duk yadda kike yi, na yi bisimilla, na tuƙa har kafaɗata ta yi ciwo kwana biyu. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so tuwon nan ya yi kyau ba. Ya ƙi."

Ta naɗe takardar a hankali, yadda take a da, ta ɗora mini a cinya, ta bar hannunta a kai.

"Na yafe miki tuntuni. Amma don Allah kada ki ƙara kawo mini irin wannan. Sai da na shekara biyu kafin in daina tunaninsa."

Ban ƙara kai mata ba. Ta koyar da yara shekara talatin da wani abu, a Dungas, a Sassumbrum, a ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Har ta rasu muna zumunci, muna hirar 'ya'ya da jikoki da farashin gero, kuma ba ta ƙara tambayata ko sau ɗaya yadda aiki yake ba.